Idan hanya ta ɓaci, kada mu rufe bakinmu

Kaka na wucewa, da yawa daga cikinmu a Gaya da Ajingi za su ɗaura jaka, wasu ci-rani, wasu karatu, wasu fatauci har ƙetaren iyaka. Ba sabon abu ba ne a ƙasarmu: tarihin baka ya ce maƙeran Gaya ne suka bi neman tama har dutsen Dala, inda birnin Kano ya kafu. Amma tafiya ba ta bin tsarin da aka yi mata a gida. Ra'ayinmu shi ne, ranar da hanya ta ɓaci, wanda ya ƙasƙantar da kai ya yi tambaya ya fi wanda ya dogara ga wayarsa samun mafita.

Mu tuna abin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023. Aka rufe iyaka, manyan motoci suka yi cirko-cirko a Jibiya da Illela da Maigatari, kuma Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a watan Maris na 2024. A irin wannan hali taswirar waya ba ta san inda ake samun masauki mai araha ba, ba ta san wane ɗan canji ne mai amana ba. Mai shayi a bakin tasha ya sani.

Ko ƙidayar kuɗi ma sai an koya mana. A Maraɗi da Damagaram Hausa ake yi, amma dala ɗaya a can tana nufin sefa 5. Idan mai tuwo ta ce dala ashirin, sefa 100 ke nan, jika guda kuma sefa 1,000. Baƙon da ya ji kunyar tambaya zai biya fiye da kima, ko ya yi rigima a banza. A Gana kuwa, tun zamanin fataken goro na Gwanja Hausawa suka kafa zango a Salaga da Kumasi da Akara, kuma har yau baƙon da guzurinsa ya ƙare yakan nemi sarkin zango a haɗa shi da mutanen ƙasarsu.

Ayyukan Manzanni sura 27 da 28 sun nuna mana haka. Jirgin ruwan da ke kai Bulus Roma ya farfashe, mutum 276 suka fita da rai a tsibirin Malita. Mutanen wurin ba su san Almasihu ba, duk da haka suka hura musu wuta saboda ruwan sama da sanyi. Bulus bai ware kansa ba, har itace ya ɗebo. Cikin wata ukun da suka yi a can, mahaifin babban mutumin tsibirin ya warke, marasa lafiya da yawa suka sami waraka, kuma da za su tashi aka cika su da guzuri. Babu wanda ya sa Malita cikin shirin tafiyar.

Darasin ya shafe mu ƙwarai, mu da muka saba zama 'yan kaɗan a garuruwanmu. Sau da yawa taimako zai zo ta hannun wanda ba addininmu ɗaya ba. Mu karɓa da godiya, mu ma mu ba da abin da ke hannunmu.

Wani zai ce, ai ba kowane mai fara'a ne mutumin kirki ba. Gaskiya ne, hanyar Agadas zuwa Libiya ta cinye matasa da yawa da suka bi masu daɗin baki. Saboda haka mu yi tambaya a fili, wurin wanda jama'a suka sani: sarkin tasha, mai unguwa, fasto ko dattijon ikilisiyar garin. Mu guji mai jan mu gefe, da mai neman riƙe mana takardunmu. Kafin tashi mu karɓi wasiƙa daga fastonmu, mu rubuta lambobin gida a takarda, domin waya takan ɓata ko cajinta ya ƙare.

Matambayi ba ya ɓata. In kuma wani baƙo ya maƙale a tashar Gaya, mu zama farkon masu kawo masa ruwa. Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.