Ginin Kano Bai Dace Da Tsaunin Mambila Ba

Ma'aikacin da ya yi niyyar gina wa iyalinsa gida a Gembu, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, yakan zo da zanen da ya saba gani a Kano ko Zariya. Wannan kuwa kuskure ne mai tsada.

Tsaunin Mambila yana da tudun kimanin mita 1,600, damina doguwa ce, dare kuma da sanyi. Shimfiɗaɗɗen rufi irin na soro yoyo zai yi a can. Abin da ya dace shi ne rufi mai gangara ƙwarai, mai faɗin baki da zai kare bango, da tagogin gilashi masu shigo da rana, da murhu mai bututun hayaƙi a zaure. Harsashi ya bi gangaren hawa-hawa.

Itatuwa kuma a bar su, gama saiwarsu ke riƙe ƙasa. Kurmin Ngel Nyaki yana cikin ɗan abin da ya rage. Wajibi ne hukuma ta ƙi sa hannu a kan duk zanen da zai share dajin kafin a aza tubali.