A Agusta mu dasa tsiro, da rani mu tuge gawo

Ƴan uwa matasa, a ranin da ya wuce na je bakin garin Maraɗi, wajen gonar da kawuna ya sayar aka yi lotisma. Gawo bakwai na sani a gonar nan tun ina yaro. Na tarar katafila ta tuge su duka, an tara su da rassa da kututture an cinna wuta. Kwana uku hayaƙi na tashi. Can gefen hanya kuwa ga mata na sayen ɗaurin icce na girki da tsada. Na tambayi mai tsaron wurin dalili, ya ce: "Mai fili ya ce a share, mu ina ruwanmu?"

To ni dai da ruwana, kuma da ruwanku.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mu ne ƙasar da ake kawo misali da ita. A Maraɗin nan aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a 1984. A ƙauyukanta manoma suka rungumi sassabin zamani: maimakon su ƙone kututture, sai su bar tohon da ya fi ƙarfi, su sassabe saura. Da haka aka farfaɗo da fili kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Manomi da gatarinsa ya yi wannan. Mu kuma masu takardun digiri da taswira a hannu, cikin yini ɗaya muke shafe aikin shekara talatin.

Gawo yana zubar da ganye da damina, ya bar hatsi ya sha rana, da rani kuma ya yi ganye ya ba da inuwa daidai lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Ƴaƴansa abincin bisashe ne. Wanda ya sare shi don ya gina gida, gobe shi zai zauna ƙarƙashin kwano yana kukan zafi. Ku duba gandun itatuwan da aka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965 don kare birnin daga iska da ƙura, yadda gine-gine suka ci shi kaɗan-kaɗan.

Ba na ƙin lotisma. Gari na girma, ni kaina ina fatan mallakar fili. Amma tun 2004 muna da dokar gandun daji, kuma akwai itatuwan da ba a sarewa sai da izini. Shin dokar manomi kaɗai ta sani?

Ga abin da nake ganin ya kamata mu nema daga kowace meri. Kafin katafila ta shiga, ma'aikatan gandun daji su ƙirga manyan itatuwa, a sa su cikin taswira, a maida wurinsu filin makaranta, ko masallaci, ko dandalin unguwa. Wanda aka bari a kewaye shi, don mota mai nauyi da tarin siminti a gindinsa na kashe saiwa ko ba a taɓa shi da gatari ba. Wanda ya zama dole a sare kuma, kar a ƙone shi. Gungume ya tafi ga masassaƙa da kafintoci, rassa su tafi ga matan unguwa da gidajen abincin makarantu, ganye da ɓawo a zuba rami su zama taki. Duk ɗaurin da aka yi girki da shi daga nan, wani icce ne aka bari a daji.

Ranar 3 ga Agusta za mu fito da riguna iri ɗaya, mu dasa tsiro, mu ɗauki hoto mu sa a Facebook. Madalla. Sai dai tsiron nan zai yi shekaru kafin ya yi wa mutum ɗaya inuwa, in ma akuya ta bar shi.

Don haka in ka ga an fara kafa turakun iyaka a bakin garinku, a Tawa ne ko Damagaram, je ka ƙirga itatuwan, ka ɗauki hotonsu da kwanan wata, ka kai wa mai unguwa da meri. In kai ne ka sayi filin, ce wa maginin ya ja katanga ya bar iccen.