Mai jira a waya ma baƙo ne

Makon jiya wani yayana da ke aikin gini a Aljeriya ya turo wa mahaifiyarmu kuɗin cefane, amma saƙon bai iso ba. Na kira kamfanin aika kuɗin daga nan Damagaram. Wata murya ta yi mini magana da Faransanci, sannan aka sako kiɗa, yana ƙarewa yana sake farawa. Babu sallama, babu wanda ya ce mini minti nawa zan jira. Kuɗin katina ya ƙare ban ji muryar mutum ba. Dole na hau kabu-kabu zuwa ofishinsu, inda aka warware matsalar cikin ɗan lokaci.

Abin ya ba ni haushi domin ba haka muka san karɓar baƙo ba. Ko a fadar Sarkin Damagaram da ke Birni, mai neman iso yana samun wanda zai gaishe shi, ya nuna masa wurin zama, ya faɗa masa ko sarki zai fito. A kasuwar Dole, mai shago ba ya barinka tsaye, sai ya ce: "Alhaji, ga benci, ina zuwa." To me ya sa wannan tarbiyya take ɓacewa da zarar ciniki ya koma waya?

Kiɗan jira ba sabon abu ba ne. Wani mai masana'anta a Amurka, Alfred Levy, ya samu rajistar wannan dabara a 1966. Amfaninta shi ne mai kira ya san layi bai katse ba. Amma a wurinmu, inda kowane minti kuɗi ne, kuma mai kira yana iya zama a Agadas, Kano ko Libiya, sanin cewa layi na nan bai wadatar ba. Lokacin jiran ya kamata ya amfane shi.

Abu na farko shi ne harshe. Tun 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Babu hujjar da kamfani zai tarbi tsohuwa daga Mirriya ko Matamaye da Faransanci zalla. A fara da sallama da Hausa, sannan a ba da zaɓin Kanuri ko Faransanci ga mai so.

Na biyu, saƙon ya ɗauki bayani. Kamfanin motocin da ke jigilar mutane kusan kilomita 900 zuwa Yamai zai iya faɗin lokacin tashi da kuɗin kujera. Gidan magani ya faɗi ko shi ke gadin dare. Masu aika kuɗi su faɗi takardar da za a zo da ita, da lokacin rufewa ranar Juma'a, su kuma ja kunne cewa ma'aikacinsu ba zai taɓa tambayar lambar sirri ba. Wannan gargaɗi kaɗai zai tsare mutane da yawa daga ƴan damfara. Wani ma kafin a ɗaga ya samu amsarsa.

Na uku, kiɗan. Ya zama mai sanyi, ba mai fasa kunne ba, kuma a tuna akwai waɗanda ba sa son kiɗa sam, gara a yawaita magana. Idan za a sa waƙar mawaƙin gida, a nemi izini a biya shi ta hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA.

Wani zai ce wannan harkar manyan kamfanoni ce. Ba haka ba ne. Tela a Zango ko mai gyaran waya a Sabon Gari zai iya saita saƙon maraba a WhatsApp Business kyauta, ya riƙa amsawa da murya saboda waɗanda ba su iya karatu ba.

Sai dai kar a mayar da saƙo mai daɗi labulen ɓuya. Idan jira ya wuce minti biyu, a ce wa mutum ya kashe, za a kira shi, kuma a cika alkawarin. Kuɗin katin ya fito daga aljihun mai neman ciniki.

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A waya ba a ganin fuska, murya ce shimfiɗar. Ɗan kasuwar da ya bar baƙonsa a tsaye, kar ya yi mamaki idan gobe ya gan shi a shagon maƙwabci.