Ɓawon lemo ba shi da laifi, tukunyar sirace ce abin tsoro

Da hunturu ya kama a Ingila, gidajen Hausawa a Moss Side ta Manchester ko Small Heath ta Birmingham sukan koma ga maganin kaka. Hanci ya toshe, goshi da kumatu sun yi nauyi, sai uwar gida ta tafasa ɓawon lemo da citta da kanumfari, a lulluɓa da bargo a yi sirace.

Ba Hausawa kaɗai suka san darajar ɓawon ba. A kantunan Sinawa na biranen biyu ana sayar da busasshen ɓawon lemo mai suna chenpi, wanda mafi shahararsa daga Xinhui yake, kuma sai ya shekara uku ake ganin ya nuna. Su don majina da kumburin ciki suke shan sa.

Siracen ma yana da ɗan abin kare kai. A 2016, binciken Farfesa Paul Little na Jami'ar Southampton kan mutum 871 masu fama da ciwon kogon hanci ya nuna tururi na rage ciwon kai, amma bai taɓa sauran matsalolin ba. Abin da ya fi taimakawa shi ne wanke hanci da ruwan gishiri, wanda bai fi ƙarfin aljihun kowa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne kwanon tafasasshen ruwa. A 2020, lokacin korona, likitocin ƙuna na Asibitin Yara na Birmingham sun rubuta a mujallar The Lancet cewa yaran da sirace ya ƙona sun ninka sau 30. Yaro ya motsa a ƙarƙashin bargo, ruwa ya kife masa a cinya, mura ta zama jinyar makonni.

Sannan yawancin abin da ake kira ciwon kan kogon hanci, ciwon ɓarin kai ne, kuma ɓawo ba ya masa komai.

Mai son shayin ɓawon lemo ya sha abinsa, ya dai wanke shi sosai, domin lemon manyan kantuna akan shafe shi da kaki da maganin ruɓa. Tun Janairun 2024, tsarin Pharmacy First ya ba masu kantin magani damar duba ciwon kogon hanci ga mai shekara 12 zuwa sama. Iyaye mata su raba yara da sirace, in ciwon ya wuce kwana goma a nufi kantin magani.