Ba Kowace Fitar Da Magana Ce Tonon Asiri Ba

Yau zancenmu a kan waɗansu kalmomin Turanci ne da ke rikita 'yan'uwanmu masu aiki a masana'antun Sharada da Challawa da Bompai. Ran da aka ɗauki mace aiki, ko a kamfanin roba ko na alewa, akan miƙo mata takarda da Turanci, a ce ta sa hannu. In ta nemi a fassara mata, sau da yawa mai fassarar yakan tattara kalmomi huɗu ko biyar ya ce duk ma'anarsu "tona asiri". To, ba haka ba ne, kuma rashin sanin bambancinsu yana iya raba mace da aikinta.

Ta fari ita ce "disclose". Wannan bayyana abu ne bisa ƙa'ida, ga wanda ya cancanci ya ji, kamar yadda ki ke gaya wa likita ciwonki. In takarda ta ce ki yi haka, ana so ne ki faɗi gaskiya a kan abin da aka tambaye ki. In kuwa ta ce kada ki yi, watau an hana ki fitar da sirrin sana'ar gidan, kamar yadda su ke haɗa kayansu. Amma fa ba kome ne za a tilasta miki bayyanawa ba. Dokar Nijeriya ta 2014 ta hana a sa gwajin cutar ƙanjamau ya zama sharaɗin ɗaukar mutum aiki, ta kuma hana a faɗi sakamakonsa ba da yardarsa ba.

Ta biyu "leak". Asalin ma'anarta yoyo, irin na tulu mai tsaga. Ana faɗinta in magana ko takarda ta zurare waje a ɓoye, ba da izini ba. Wadda aka kama da wannan an kama ta da cin amana, don haka in kika ga kalmar nan a takardar tuhuma, ki san abin ba ƙarami ba ne.

Ta uku "expose", ita ce ta fi kusa da tonon asiri ko fallasa, watau buɗe laifin da wani ya ɓoye. Sai dai tana da wata ma'ana dabam. A majemun Challawa, inda a ke jimar fata da magunguna masu ƙarfi, in takardar asibiti ta ce ma'aikaci ya kasance "exposed", ba asirinsa aka tona ba. Ana nufin jikinsa ya haɗu da abin da ke iya cutar da shi. Wadda mijinta ya kawo irin takardar nan gida, ta matsa masa ya koma wurin likita.

Ta huɗu "confess", kuma a nan ne ya fi kyau a yi hattara. Ma'anarta amsa laifi da bakin mutum. Mace takan je ofis don ba da shaidar abin da ta gani, a rubuta mata kalmar nan, ta dangwala yatsa, ta koma gida ba ta san ta ɗora wa kanta laifi ba.

Sa'an nan akwai "whistleblowing", watau busa usur, abin da mu ke ce wa kwarmato. A watan Disamba na 2016 ne Gwamnatin Tarayya ta fito da tsarin saka wa wanda ya kwarmata satar dukiyar gwamnati da kashi 2.5 zuwa 5 cikin 100 na abin da aka ƙwato. Mai yin haka hukuma ya ke kai wa, da hujja a hannunsa. Wannan ya bambanta shi da mai gulma, wadda ke kai nata labarin bakin famfo.

Saboda haka, 'yar'uwa, kafin ki sa hannu ki tambaya: maganar wa za a fitar, a gaya wa wa, da izinin wa? Ki roƙi a bar ki ki tafi da takardar gida, ɗanki ko wata malama ta karanta miki a tsanake. Magana zarar bunu ce, ta rubuce kuwa ta fi wuyar janyewa.

Allah ya rufa mana asiri. Sai mako mai zuwa.