Harajin Gidaje A Duwala: A Biya, Amma A Ga Aiki

Duk ɗan kasuwar da ke sayar da kaya a Kusiri, Garwa-Bulai ko Kiye-Osi ya san cewa yawancin hajarsa ta tashar jiragen ruwan Duwala take shigowa, kuma sau da yawa a rumbunan 'yan uwa da ke New Bell take kwana kafin a ɗora ta a mota. Saboda haka ƙorafin da masu gidaje a unguwannin Hausawa ke yi kan kuɗaɗen da ake karɓa da sunan gyaran titi, magudanar ruwa da famfo, ba nasu ba ne su kaɗai. Abin da ya hau kan mai gida zai sauka kan ɗan haya, daga nan ya sauka kan farashin buhu a bakin iyaka.

Wannan taƙaddama tana da tarihi. Tun daga 1910 Jamusawa suka tsara ƙwace filayen Bonanjo da sunan tsabtace gari, suka tura mutanen Duwala can baya, inda aka kafa New Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya kai kuka har majalisar dokokin Jamus, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Bonanjo ta zama unguwar ofisoshi mai kwalta, New Bell kuwa ta zama masaukin baƙi, ciki har da Hausawa, mai cunkoso da ƙarancin magudanai. Yau hedikwatar hukumar birnin tana Bonanjo, kuma can ake yanke shawarar inda za a fara aiki.

Ba mu goyon bayan ƙin biyan haraji. Garin da ke samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara ba zai zaunu ba sai da magudanai, kuma magudana ba ta gina kanta. Annobar kwalara ta 2004 da ambaliyar Agustan 2020 sun isa wa'azi. Amma dokar harajin ƙananan hukumomi ta Disamban 2009 ta faɗa ƙarara cewa harajin raya ƙasa ana karɓarsa ne a madadin ayyuka irin su fitilun titi, tsabtace gari, kwashe shara da samar da ruwan sha. Ke nan wanda ya biya yana da haƙƙin ya tambayi inda aikin yake.

Babbar matsala ita ce ƙiyasi. An daɗe ana lissafa harajin gida a kan kashi 0.1 cikin 100 na darajarsa. Gidan da aka yi wa kuɗi sefa miliyan 20 zai biya sefa 20,000. In an rubuta miliyan 40, kuɗin ya ninka. To, da wane ma'auni za a daidaita gidan da ke bakin kwalta da wanda ruwa ke shiga ɗakunansa kowace damina? Bugu da ƙari, ana bin mai gida haraji ko ba shi da takardar mallakar fili, alhali tun dokar filaye ta Yulin 1974 wannan takarda ce shaidar mallaka da hukuma ta yarda da ita. Ranar karɓar kuɗi kai ne mai gida, ranar da katafila ta zo faɗaɗa titi kuwa sai a tambaye ka takarda.

Don haka muna kira ga hukumar birnin Duwala da ta gundumar Duwala ta Biyu, wadda New Bell ke cikinta, su liƙa a bainar jama'a abin da aka tara a kowace unguwa da abin da aka kashe mata. Tun 2020 zaɓaɓɓen magajin gari ke riƙe da birnin, ba wakilin da gwamnati ta naɗa ba, kuma wanda aka zaɓa dole ya yi bayani. Ofishin haraji shi ma ya riƙa nuna wa mai gida yadda aka ƙiyasta gidansa.

Ku kuma 'yan uwa masu gidaje, kada ku ba kowa ko sisi ba tare da rasit ba, domin sasantawa a zaure ba ta goge bashi a littafin hukuma. Wanda bai yarda da ƙiyasi ba ya kai ƙorafinsa a rubuce da wuri, don wa'adin yin hakan gajere ne. Sarakunan unguwa, limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su haɗa kai wajen nema wa gidajen gado takardun mallaka, su kuma hana zuba shara a magudanai, domin wanda ya toshe kwata da hannunsa ba shi da bakin zargin hukuma. Tsintsiya ɗaya ba ta shara. Allah Ya sa a gyara.