Matattun Batura: Gubar Da Muke Sayarwa Da Hannunmu

A watan Nuwamba na shekarar 2025 ne jaridar New York Times ta Amurka, tare da wata kafar binciken ƙwaƙwaf mai suna The Examination, suka wallafa rahoto a kan garin Ogijo na jihar Ogun, dab da Legas, inda masana'antun narka matattun batura suka yi sansani. An gwada jinin mutum 70 daga ma'aikata da mazauna yankin, aka tarar bakwai cikin kowane goma na ɗauke da gubar dalma da ta kai matsayin cutarwa. Dalmar da ake narkawa kuwa lodinta ake yi zuwa ƙasashen waje, har da Amurka, a ƙera sababbin batura da ita. A shekarar 2025 hukumomi sun garƙame wasu daga cikin masana'antun. To amma a nan Arewa ban ga alamar mun ɗauki labarin a matsayin namu ba, alhali kuwa namu ne, domin cikin baturan da ake fasawa a can akwai waɗanda suka fito daga garejinmu da gidajenmu, kuma da yawansu mu ne muka kashe su tun kwanansu bai ƙare ba.

Mu ne ya kamata mu fi kowa jin tsoron dalma. A shekarar 2010 yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, sakamakon ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Wancan daga ma'adinai ne, amma gubar ɗaya ce. A unguwar Thiaroye da ke wajen Dakar ta ƙasar Senegal, yara 18 ne suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, kuma a can sana'ar fasa batura ce musabbabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi na dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Ba kullum take kisa ba. Sau da yawa takan daƙushe ƙwaƙwalwar yaro ne a hankali, ya tashi ba ya gane karatu, iyaye su yi ta ɗora laifi a kan malamai ko a kan iskokai.

Fiye da kashi 80 cikin 100 na dalmar da duniya ke amfani da ita a batura take ƙarewa, kuma fiye da rabin nauyin batirin mota dalma ce. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da ƙarin kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A a Afrilun 2024, da kuma duhun da Arewa ta shafe kwanaki a ciki a Oktoban 2024, jama'a suka yi rububin sayen sola da inbata. Wannan ƙari ne a kan baturan motoci da manyan motoci da Keke Napep da jiragen ruwa masu inji. Lissafin a fili yake: idan batirin da ya kamata ya yi shekara uku ya mutu a shekara ɗaya, to an ninka dalmar da za a narka sau uku, an kuma ninka kuɗin da mai shi zai kashe sau uku.

Me ke kashe batir da wuri? Na farko zafi. Masu ƙera batirin da aka liƙe bakinsa suna auna kwanansa ne a kan zafin digiri 25, kuma sun yi ittifaƙi cewa duk ƙarin kusan digiri 10 yana rage kwanan da rabi. Mai karatu ya tuna yadda Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40 a bazara, balle kuma ƙarƙashin murfin inji, ko ɗan ɗakin kwano marar taga da muke tura baturan inbata a ciki. Rubutun da ke jikin batir cewa ba ya buƙatar kulawa ya yaudari mutane da dama. Abin da ake nufi kawai shi ne ba a ƙara masa ruwa. Wannan kuwa shi ya sa ya fi na da rauni ta wata fuska, domin idan caji ya yi masa yawa, ruwan cikinsa yakan fice a matsayin iska ta wata 'yar ƙofar numfashi, kuma babu hanyar mayar da shi. Daga nan sai batir ya bushe, ya kumbura, ya mutu.

Na biyu, yunwar caji. Batir mai bolt 12 idan ya cika kuma ya huta, mita za ta nuna kusan 12.6 zuwa 12.8. Idan ya sauka ƙasa da 12.4 aka bar shi a haka na makonni, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantansa ya hana shi karɓar caji. Wannan ita ce cutar motar Alhaji da ke kwana uku ba a tayar ba, da ta ma'aikacin da tafiyarsa ba ta wuce minti biyar daga gida zuwa ofis. Idan inji na aiki, altaneta mai lafiya kan ba da tsakanin 13.8 da 14.4. Ƙasa da haka batir na kwana da yunwa, sama da haka sosai kuma dafa shi ake yi. Awon nan bai fi minti biyu ba, mitar ma ba ta kai kuɗin cika tanki ba, amma mutum nawa ne ke sa a auna altaneta kafin ya sayi sabon batir? Sai a ɗora sabo a kan cutar da ta kashe tsohon.

Na uku, gaggawar masu cajin bakin titi. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce a ba batir ƙarfin wuta kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da yake ɗauka, ya sha a hankali har tsawon dare. Amma mai mota na tsaye yana duba agogo, sai a maƙala batirin a tiransifomar haɗin gida wadda ba ta san ta tsaya ba, a ce ya dawo bayan La'asar. Ban ɗora wa waɗannan bayin Allah laifi ba. Abin da suka koya a wurin iyayen gidansu ke nan, a zamanin batir mai murfi da ake buɗewa a ƙara masa ruwa. Kaya sun canza, koyarwa ba ta canza ba.

Akwai kuma ɗaurin batir da zaɓinsa. Batirin da ba a ɗaure shi tamau ba, ramukan hanyoyinmu kan girgiza farantansa har su zube. Wajen cirewa, wayar da ke da alamar ragi ake fara kwancewa, wajen mayarwa kuma ita ce ta ƙarshe, don gudun tartsatsi, domin batir na fitar da iska mai kama wuta lokacin caji. Masu jiragen ruwa a Yawuri ko bakin Tafkin Chadi da ke amfani da batir wajen tayar da inji ko kunna fitila su suka fi buƙatar wannan gargaɗi: a sa shi cikin akwati, a ɗaure, a ɗaga shi daga ruwan da ke kwanciya a cikin jirgi, a kuma nesanta shi da jarkokin fetur. Haka nan batirin mota an yi shi ne don ya ba da ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi ya tayar da inji. Wanda ya ɗora masa fitilu da fanka dare ɗaya cur, kullum yana tatse shi, wata nawa zai yi? Ko wanda aka ƙera don irin wannan aiki, bai kamata a sha fiye da rabin cajinsa ba.

Idan batir ya mutu, sai kashi na biyu na matsalar ya fara. Mukan miƙa wa 'yan gwangwan mu karɓi 'yan kuɗi, ba mu tambayi inda za shi ba. Sau da yawa akan fasa shi a tsiyaye ruwansa a ƙasa ko a kwata don rage nauyi kafin a loda, a cikin unguwannin da yara ke wasa kuma rijiyoyi ke kusa. A shekarar 2024 gwamnatin tarayya ta fitar da dokokin kula da batura a ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta NESREA, waɗanda suka ɗora wa masu ƙerawa da masu shigowa da su alhakin tattara matattunsu. Doka ce mai kyau a takarda. Amma a ganina ba za ta yi tasiri ba muddin mai mota a Gusau ko Azare bai san wurin da zai kai mataccen batirinsa ba.

A jihohin Amurka da dama, mai sayen sabon batir kan ajiye wasu kuɗi da ba za a mayar masa ba sai ya kawo tsohon, kuma kusan kashi 99 cikin 100 na baturansu na komawa masana'anta. Babu abin da zai hana mu yin haka. Ina kira ga gwamnatocin jihohinmu da su zauna da shugabannin kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, a ware wuraren tattara batura masu daɓen siminti da rufi, a hana fasa su a cikin gari. Kwalejojin fasaha su shirya wa masu waya da masu caji horo na 'yan kwanaki cikin harshen Hausa. Manyan asibitocinmu kuma su tanadi na'urar auna dalma a jini, a fara da 'ya'yan masu wannan sana'a.

Mu kuma da Allah Ya ba ilimi da abin hawa, namu ya fi sauƙi. Mu duba ranar da aka ƙera batir kafin mu biya, mu sa a auna altaneta, mu sama masa inuwa da iska, idan ya mutu kuma mu mayar da shi ga dillali da ruwansa a ciki, ko da kuɗin da za a ba mu bai kai na ɗan gwangwan ba. Masu iya magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Namu gemun ya taɓa kamawa a Zamfara. Allah Ya kiyaye mana zuri'a, Ya sa mu gane.